Sauka a Ƙofar Malama

Lahadi, bayan la'asar

Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar ƙanwa ga yayarta, da fatan takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Yaya ƙafar taki, kumburin ya saɓe? Yaya maigidanki da yara, da jikar nan taki mai ƙiriniya? Mu nan alhamdu lillahi. Baban yara yana samun sauƙi kaɗan-kaɗan. Hannun daman bai dawo ba har yanzu, amma yana riƙe kofi da na hagu, kuma maganarsa ta fara fita in mutum ya yi haƙuri ya saurara.

Na zaɓi in rubuto miki maimakon in kira, don kin san halina a waya. Ki yi ta cewa in ɗaga murya, ni kuma sai abin da zan faɗa ya gudu.

Yaya, na fara koyon hawan keke. Don Allah ki karanta har ƙarshe kafin ki fara salati.

Asibitin da nake yi wa wanki da guga shekara goma sha ɗaya ya kwashe sashenmu zuwa sabon gini can bayan gada. Akwai motar ma'aikata, amma shida saura kwata take wucewa ta bakin titinmu, a lokacin kuwa ban gama da Baban yara ba. Sai na yi masa wanka, na canza masa kaya, na ba shi abin kari, sannan maganin ƙarfe shida, wanda likita ya ce ba a sha da yunwa, ba a kuma matsar da lokacinsa. Duk saurina ba na fita kafin shida da minti ashirin, lokacin da maƙwabciyata take shigowa ta karɓe ni. Ƙarfe bakwai ake sa hannu a wurin aiki. A ƙafa awa ɗaya da kwata ne, na gwada. Motocin haya a cike suke wucewa a wannan lokaci, mai babur kuwa ba zan iya masa kullum ba.

Ina cikin wannan tunani ran nan sai Baban yara ya yi ta nuna mini bayan ƙofa da haɓarsa. Na ɗauko tsintsiya ya girgiza kai, na ɗauko buta ya harare ni. Ashe kekensa yake nufi, wanda yake jingine tun ranar da ya faɗi. Na ce masa, ni? Da shekaruna? Ya ce, da kyar, "Ƙafa gare ki."

Nasa keken maza ne mai sanda a tsakiya, don haka na tura shi wurin mai gyaran keke ya musanya mini da na mata. Da za a fita da shi Baban yara ya juya fuska bango.

A lungun bayan gida nake koyo. Maƙwabciyata tana riƙe mini sirdi, shi kuma mu fito masa da kujera ya zauna yana koyarwa. Kalmar da ta fi fita sarai a bakinsa yanzu ita ce "Birki!" Jiya na shige cikin shanyar mutane na fito da zanin gado a ka, ya yi dariyar da rabon da in ji irinta tun kafin ciwon. Na kurje gwiwa, amma ban ji haushi ba.

Maganar sutura na yi mata dogon nazari. Na ɗinka wando mai faɗi har idon sawu ina sawa a ƙarƙashin riga, na kuma rage tsawon hijabi ɗaya, don ranar farko sarƙa ta cafke bakinsa ta kusa shaƙe ni. Na auna na sake aunawa, ban ga inda na saɓa ba. Amma kunyar tana nan. Kullum ina tunanin idon mutanen unguwa.

Jibi zan fara fita da shi. Ki sa ni a addu'a, aikin nan shi ne cinmu, shi ne maganinsa.

Ki gaida kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Auta


Jumma'a

Yaya,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fatan kuna lafiya, ya jikin naki? Baban yara yana gaishe ki, ya ce in faɗa miki ɗalibarsa ta ci jarrabawa.

Yau kwana goma sha bakwai ina zuwa aiki a keke. Abin da na ji tsoro bai zama komai ba. Kwana biyun farko an kalle ni, wata ta leƙo ta taga ta kira 'yar'uwarta, wani direba ya ce, "Hajiya, a ba mu hanya ko mu ba ki?" Daga nan kowa ya koma harkarsa. Cinyoyina sun yi tsami mako guda, har sallah sai da dabara, yanzu sun saba. In ban tsaya ko'ina ba, minti talatin ne daga ƙofarmu zuwa ƙofar maigadi. Kin ga ke nan ina da rarar minti goma.

Matsalar ita ce ina tsayawa.

Kin tuna yadda Baba yake dirowa daga kekensa in ya hango wanda ya girme shi, ya tura har sai sun gaisa sun rabu? Kin tuna ranar da ya ga na gaida kawu ina zaune a kan katanga, ya ce ba a gaida babba daga sama? Yaya, abin nan ya zauna mini a jiki. In na hango tsoho, kafin in yi shawara ƙafata ta riga ta taɓa ƙasa. Ranar farko sau biyar na sauka: tsohon tela, mai kantin magani, wasu dattawa biyu a kan benci, sai Malama. Huɗun farko na samo musu dabara, ina rage gudu in sunkuyar da kai in yi sallama, ko da yake har yanzu ina jin kamar na yi rashin kunya. Malama ce ban samo wa dabara ba.

Malamarmu nake nufi, wadda ta ɗora mana hannu a kan allo. Hanyar sabon ginin ta ƙofar gidan ɗanta ta bi, inda take zaune yanzu. Ta tsufa ƙwarai, idon ya yi rauni, amma kunne da ƙwaƙwalwa garau. Kullum da safe surukarta takan fito mata da kujerar roba ta zauna a bakin ƙofa tana shan hantsi, masu wucewa suna gaishe ta. Surukar ta ce mini wannan zaman shi ne abincinta, in ta koma ciki sai kwanciya.

Ranar farko da na durƙusa na faɗi ko ni wace ce, ta kama hannuna da hannu biyu ta ce, "Shiru-shiru! Har yanzu kina karatu kamar mai tsoron tada jariri?" Ta shafa kan keken, ta buga ƙararrawa, ta yi dariya ta ce da ƙafarta na da ƙarfi da sai na goya ta. Ko kalma ɗaya ta zargi ba ta yi mini ba. Ta tambaye ki, ta ce ko kin daina cin gyaɗa a bayan allo.

Tun daga ranar, kullum sai ta riƙe hannuna. Ta tambayi jikin Baban yara, ta tambayi abin da ya ci, ta ja mini baki in ƙarasa mata inda ta tsaya a tilawarta, sannan addu'a. Kin san addu'ar Malama, sai ta bi zuriya kaf. Allah ya yafe mini, ran nan na saci kallon agogo tana cikin yi mini addu'a. Minti goma sha biyu. Na ji kunyar kaina har na isa wurin aiki.

Shugabar sashenmu, wadda ma'aikata suke kira Agogo (ni ban taɓa kiranta haka a gabanta ba, kuma ga shi na rubuta, astagfirullah), ta yi mana uzuri makon farko saboda ƙaura. Daga nan ta kafa doka: wanda ya wuce bakwai da minti biyar za a ja masa jan biro a littafin sa hannu, jan biro uku a wata ɗaya kuwa takardar sallama ce. Kowa ya san tun da aka kawo sababbin injuna ake neman rage mu. Kullum da kyar nake tsallakewa, bakwai da uku, bakwai da huɗu, ina haki. Shekaranjiya Malama ta tuno wata 'yar ajinmu da ta rasu, ta yi kuka, ban iya zare hannuna ba. Bakwai da kwata na isa. Na samu na farko.

Ki ba ni shawara, ke kin fi ni baki.

Taki har kullum,
Auta


Laraba

Yayata,

Assalamu alaikum. Takardarki ta iso, na karanta sau uku, na karanta wa Baban yara inda ya dace da kunnensa. Na ji daɗi da kumburin ya sauka. Allah ya ƙara sauƙi, ya raya zuriya.

Kin ce in ɗaga mata hannu in wuce, in dawo da yamma mu gaisa a tsanake. Yaya, ba ta ganin hannu. Sallama za ta ji, ta amsa, ta miƙo hannunta cikin iska, ni kuma na riga na yi gaba. Na kwatanta abin a raina, ban iya ba. Da yamma kuwa na je sau biyu, na tarar tana kwance a gajiye, maganar ma sama-sama.

Kin kuma ce in buɗe baki in faɗa mata gaskiya. Na yi niyya, wallahi. Litinin na tsara maganar tun daga gida, ina taka feda ina maimaitawa. Na durƙusa ke nan, kafin in fara sai ta ce, "Kin san duk cikin waɗanda na koyar ke kaɗai ce kike saukowa? Sauran sai dai su danna mini hon, kamar ni akuya ce a kan titi." Ta yi dariya, mai shayin da ke tsallake ma ya yi. To ta ina zan fara? Na haɗiye maganata. A ranar na samu jan biro na biyu, don bayan na bar ta ga jirgin ƙasa ya tare mararraba.

Na gwada rage lokaci ta wajen gida. Na yi wa Baban yara wanka tun kafin asuba, sai sanyi ya kama shi ya wuni yana tari. Ban sake ba. Maganin kuwa ba ya matsuwa, maƙwabciyata ma sai ta sallami 'ya'yanta kafin ta shigo, kuma alheri take yi mini, ba zan ƙara mata nauyi ba.

Akwai abokiyar aikina da muke tsayawa a injin guga ɗaya, ana ce mata Rediyo. Zuciyarta fari ƙal, bakin ne dai ba ya hutawa. Ta ja ni gefe ta ce ita da motar ma'aikata take zuwa, za ta riƙa sa mini hannu, ai ta iya kwaikwayon rubutuna. Na ce mata a'a, ba zan ci albashin da aka rubuta da ƙarya ba. Ta ce, "To Waliyyiya, in an kore ki sai ki dafa gaskiyar ki ba mijinki ya sha da magani." Na san don ni take faɗa, amma maganar ta kwana a ƙirjina.

Shugabarmu ta kira ni ofis. Kada in zalunce ta, ba ta yi mini tsawa ba. Ta ce a shekara goma sha ɗaya ba ta taɓa samun tabo a zanin da na goge ba, amma kayan ɗakin tiyata ƙarfe takwas mota take ɗauka, kuma in ta ɗaga mini doka sai ta ɗaga wa mutum ashirin. Ta tambaye ni me ke tsayar da ni. Na ce gaisuwa. Ta cire tabarau ta dube ni, ta ce, "Gaisuwa?" Da na ji kalmar a bakinta ni ma sai na ji ta ba nauyi.

Saura kwana takwas wata ya ƙare. Saura jan biro ɗaya. Na dawo gida na zauna a bakin gado na yi kuka a gaban Baban yara da maƙwabciyata, abin da ban taɓa yi ba tun da ya kwanta.

Ki ci gaba da addu'a. Ki gaida maigidanki.

Ƙanwarki,
Auta


Talata

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri, ina fatan kowa lafiya.

Tun ranar Alhamis Malama ba ta fito ba. Na iso ƙofar na tarar ba kujera ba kowa. Na isa aiki bakwai saura takwas, Rediyo har da guɗa. Jumma'a haka, Asabar haka. Maimakon in ji daɗi sai gabana ya yi ta faɗuwa, na ce ko jikin ne. Lahadi da hantsi na je. Na same ta a ɗaki, labule a sake, tana zaune a bakin katifa da carbi. Ta ce gwiwa ce ke damunta, kuma iskar safe ta fara yi mata yawa. Ba ta riƙe hannuna ba. Gaisuwar ko minti biyu ba ta kai ba ta ce, "Tashi ki je, mai jinya ba ya dogon zama."

Surukarta ta rako ni zaure, a nan ta faɗa mini. Ran Laraba da yamma maƙwabciyata ta je gidan da saƙo daga Baban yara: a gaya wa Malama ana shirin korar ɗalibarta saboda makara. Surukar ta ce da Malama ta ji sai ta ce, "Ni na riƙe ta. Kuma ko na ce ta wuce ba za ta wuce ba, na san abin da na koyar." Washegari da aka ɗauko kujera ta ce a mayar. Surukar ta ce tun ranar abincin ma sai an yi da gaske, mai shayi da masu wucewa suna ta tambaya ko lafiya.

Na dawo gida raina a ɓace, na tsaya a kan Baban yara na ce don me. Ya daɗe yana haɗa kalmomin, jijiyar wuyansa ta tashi, sannan ya ce, "Ke... ba za ki... faɗa ba." Maƙwabciyata ta ce kusan rabin awa ya yi yana haɗa mata saƙon, yana gumi, bai yarda ta tafi ba sai da ta maimaita masa daidai. Da wa zan yi fushi, Yaya? Mutumin da ya ciyar da gida shekara ashirin da shida, yanzu abin da ya rage masa ya kare gidan da shi ke nan.

Ina isa aiki a kan lokaci. Amma kullum na wuce ƙofar nan a rufe sai in ji kamar na ƙwace wa tsohuwa ranarta na sa a aljihu. Ban roƙa ba, amma ni nake ci.

Taki,
Auta


Asabar

Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki da yara. Baban yara yana nan da sauƙi, mun shirya, jiya ma shi ya tuna mini in sa wa taya iska.

Wata ya ƙare shekaranjiya. An buɗe sabon shafi a littafin sa hannu, sunana yana ciki. Mutum biyu aka sallama a sashenmu, Allah ya musanya musu da mafi alheri.

Ga abin da na yi. Na tambayi mai gyaran keke ko akwai wata hanya zuwa bayan gada. Ya ce akwai babban titi, inda manyan motoci suke bi, amma shi bai ba ni shawara ba. Ya ɗaura mini madubi, ya ƙara ɗaure birki, ya ce in manne wa gefe, in na ji hon kada in waiwaya, kuma kada in kuskura in shiga tsakanin babbar mota da kwalbati. Laraba na bi. Akwai hawa mai tsawo kafin gadar, sai na sauka na tura. Wata tanka ta wuce ni, iskarta ta kusa kayar da ni, na tsaya a gefe ina karanta duk abin da ya zo bakina. Bakwai saura biyu na sa hannu.

Da yamma na biya na gaya wa surukar ta faɗa wa Malama na canza hanya, ba zan ƙara bi ta ƙofarsu da safe ba. Sai da na bi sabuwar hanyar tukuna na aika, don kada saƙon ya zama ƙarya ko na yini ɗaya. Ban shiga ba. Na san in ta tambaye ni wace hanya ce ba zan iya ɓoyewa ba, in kuwa ta ji ta manyan motoci ce za ta ce in dawo, ta koma ɗaki.

Baban yara ma bai san ta inda nake bi ba. Bai tambaya ba, ban faɗa ba, kuma wannan shirun yana damuna. In ya tambaya zan faɗa. Ke kaɗai kika sani, don ya kamata wani ya san inda za a neme ni.

Jiya surukar ta aiko maƙwabciyata ta ce mini an fito da kujera. Wai Malama ta zauna har rana ta yi zafi, ta sha shayi kofi guda, ta yi wa mai shayin faɗa a kan sukari. Na yi hamdala, sannan na shiga bayi na yi kukana, don na san gaisuwar safen nan ta ƙare mini ke nan. Zan riƙa zuwa ran Lahadi in ta yarda ta riƙe ni.

Har yanzu ina tsoron titin. Kullum in na hango hawan nan sai in fara addu'a. Litinin zan sake bi, da washegarinta, da duk ranar da Allah ya nufa. Ki riƙa tunawa da ni tsakanin shida da rabi da bakwai na safe, lokacin ina kan hanya.

Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Auta